Kujerar Gaba a Motar Baffa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Baffana, ƙanen mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu ranar Talata, kasuwar Mafara tana tsakiyar ci. Maƙwabcinsa ne ya ga ƙofa a rufe har hantsi ya dubi ludayi, ya leƙa, ya same shi kwance a kan buzun salla. Ba mata, ba ɗa. Matarsa ta riga shi da shekaru, 'ya'yan da Allah ya ba su kuma babu wanda ya kai yaye. Ni daga Bakura na taho, inda nake koyarwa, na tarar ana jera sahu za a yi masa salla.

Zaman makoki a gidan gwauro abin tausayi ne, masu zuwa ba su san wa za su yi wa gaisuwa ba. Sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na zauna a matsayin ɗa. Kowa kuwa da ya shafa fatiha sai idonsa ya zarce cikin gida, wajen rumfar kwano, inda motar take tsaye. Tsohuwar jif ce koriya, irin wadda duk ƙafafunta huɗu suke ja, ta zamanin aikin madatsar Bakolori. Mutanen unguwa Tsohuwa suke ce mata.

Wani tsohon direba da suka yi zamani tare da Baffa ya girgiza kai ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Mutum na mai hannu, amma ya ƙare ƙarhinai bisa mota guda." Mai ƙera tukwane na bakin kasuwa ya zo gaisuwa sau biyu a wuni ɗaya, na kuma san ba son Baffa ne ya yi masa yawa ba. Jikin motar na alminiyon ne, ya daɗe yana hangen tukwanen da za su fito daga cikinta. Da la'asar sai ga mata uku daga Garbadu, ƙafafunsu duk laka, suka durƙusa daga nesa. Babbarsu ta ce, "Ɗiyana na hwari cikin motar ga anka haihe shi, tsakanin Garbadu da Mahwara. Ko goro bai amsa ba." Ita kaɗai na ga ta yi kuka a ranar.

Amma tambayar da kowa yake yi, wasu da baki wasu da ido, ɗaya ce: yayansa zai zo? Yayan nasa shi ne Baba, mahaifina, yana can Maradun. Na aika masa tun da safe. Goggo, ƙanwarsu, ta kira ni zaure ta ce, "Kak ka sa rai. Ubanka bai zuwa. Wanda bai shiga gidan ga ba mai gidan na da rai, mi za shi zo nema yanzu?" Na ce mata mu jira sadakar uku. Ta ce to, mu jira.

Na zauna rubuta wannan ne don ina tsoron abin da za a tuna da Baffa ke nan: wani tsoho da ya haukace a kan mota. Ba haka ba ne, ko kuma in ce ba haka kaɗai ba ne.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwa yanzu. A bakin gulbi yake, gabas da tsohon Maradun. Ina ƙarami aka tashe mu, don haka abin da zan faɗa daga bakin Goggo na ji shi, da bakin Baffa kansa. Lokacin da aka fara aikin madatsa, Baffa direba ne a kamfanin da ke aikin. Shi yake tuƙa masu awo a cikin wannan jif ɗin, bayanta cike da turaku masu jan kai. Inda duk suka auna sai su kafa turke, alamar nan ruwa zai kawo. Da suka iso garinmu, turakun suka hau tudu, suka bar gidaje da gonaki da maƙabarta duk a ɓangaren ruwa. A maƙabartar nan kakanmu yake, mahaifin Baba da Baffa, a gindin wata tsamiya.

A wurinmu iyakar gona ba abin wasa ba ce. Idan dattawa suka tsaya aka dasa gamba tsakanin gona da gona, magana ta ƙare, ko hakimi ba ya tsallakawa. Idan kuma an dasa ba daidai ba, dattawan ne suke komawa su gyara. Baba ya ɗauka turakun kamfani ma haka suke, iyaka ce tsakaninmu da ruwa. Gidaje ya haƙura da su, gonaki ma haka, amma ya ce matattu ba su yi wa kowa laifi ba. Ya tara liman da dattawa, da rana tsaka, aka yi addu'a, aka tumɓuke turaku bakwai aka sake kafa su ƙasa da maƙabarta. Ba a ɓoye aka yi ba, don a ganinsu gyara ne.

Bayan mako guda Baffa ya dawo da masu awo. Su awonsu yana cikin takarda tuntuni, turke alama ce kawai. Suka duba, suka ga an matsar, ɗaya ya ɗaga kafaɗa, suka koma mota. Baba ya tare ƙanensa a bakin rijiya, liman da dattawa suna tsaye.

"Sun gani?"

"Sun gani, Yaya."

"Mi sunka ce?"

"Ba su ce komi ba."

Baba ya ce madalla. A wurinsa, wanda ya ga gyaran iyaka bai yi magana ba ya yarda ke nan. Baffa kuwa ya san ruwa ba ya duba turke. Shekaru da yawa bayan haka ya ce mini, "Gaban liman da dattawa zan ce ma yayana aikin banza yay yi? Bakina yay yi nauyi. Nic ce gobe in mun keɓe ni hwaɗa mai. Goben nan ta ba ta zo ba."

Ranar tashi, mutanen gari suka ɗunguma maƙabarta, kowa ya tsaya kan nasa ya yi addu'ar ƙarshe. Baba ya ƙi zuwa. Ya ce ba a bankwana da wanda za a dawo a gani. Da madatsa ta cika, ruwa ya shanye turakun bakwai, ya shanye maƙabarta, har kan tsamiyar ya ɓace. A sabon matsugunin da aka kai mu, kan tsandauri, mutane suna cikin ɓacin rai suna neman wanda za su yi wa dariya, sai suka sa wa Baba suna Mai-turke. Sunan ya bi shi har masallaci.

Baba bai zagi ƙanensa ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba. Sallama ma bai taɓa ƙin amsawa ba, don ya san hukuncin gaba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo. Ya koma gaishe shi kamar baƙon da ya sauka a tasha: ina gajiya, ina aiki, ina iyali, madalla, shi ke nan. Bai sake kiran sunansa ba, bai sake sa hannu a akushi ɗaya da shi ba.

Da aiki ya ƙare kamfani zai tashi, aka yi gwanjon tarkace. Abokan Baffa suka ɗauki abin da zai yi musu amfani, wani injin ban ruwa, wani kwanon rufi. Shi sai ya nuna jif ɗin nan, wadda a lokacin ta faɗa kwazazzabo ta karya sifirin, injinta ya ƙone, tayoyi biyu babu. Da shanun noma aka jawo ta har Mafara. Mutanen garinmu da suka ji suka ce rashin kunya ne, motar da ta kawo mana turaku ita ya ajiye a tsakar gida. Shi kuwa ya kafa mata rumfar kwano.

Ni sai da na girma aka turo ni Bakura aiki na san Baffa da gaske. Duk Talata in na shigo kasuwa sai in biya. Baba ya san ina zuwa, bai hana ba, bai kuma taɓa tambayata yadda na same shi ba. A lokacin matar Baffa ta riga ta rasu, gidan ya yi shiru, daga shi sai kaji, kajin ma a cikin motar suke ƙwai. Da safe yana gyaran injinan ban ruwa na masu albasa da shinkafa, da yamma ya dawo kan Tsohuwa.

Aikinsa abin kallo ne ga mai haƙuri, ni kuwa ba ni da shi. Zai shimfiɗa tabarma, duk notin da ya kwance ya wanke shi da kananzir a tasa, ya jera su sahu sahu yadda suka fito. In kaza ta bi ta kai ta watsa, sai ya sake jerawa, ba ya ko korarta. Kafireto kaɗai, mai haɗa fetur da iska, ya kwance ta ya ɗaura ya fi sau goma. Saboda fistin ɗaya na cikin inji ya je Gusau, ya je Sakkwato, a ƙarshe wurin wani mai tsofaffin ƙarafa a Kaduna ya samo. Lagireto kuwa, tankin ruwan sanyaya inji, da ya rasa sabo, zama ya yi da dalma yana toshe hujojin ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce ya sa injin wata mota ya huta, sai ya ce, "Tsohuwa ba ta son haƙorin aro."

Maganarsa da na fi ji ita ce ta noti. In noti ya cije da tsatsa, ba ya yi masa ƙarfi. Sai ya ɗiga masa mai ya tafi sabgarsa, gobe ya sake ɗigawa. "Notin da yac cije ba a yi mai ƙarhi, karyewa shika yi. Mai aka sa mai, a ba shi kwana." Na taɓa ganin noti ɗaya da ya yi wa haka wata guda.

Wata rana da yamma yana kwance ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai nake gani, na tambaye shi me zai yi da ita in ta tashi. Ya gama ɗaura notin da ke hannunsa. Sannan ya ce a ƙarshen bazara, shekarar da ruwa ya ja baya sosai, tudun maƙabarta yana fitowa. Ya je da ƙafa ya gani, kututturen tsamiyar yana nan. Amma hanyar rairayi ce da kwazazzabai, ƙarshenta laka, ga Baba da ciwon gwiwa, ko jaki ba ya iya hawa. "Motar ga ta san hanya," in ji shi. "Ita tak kai turaku, ita za ta kai Yaya shi yi bankwana da ubanai."

A nan muka yi faɗanmu, ni da shi, sau ɗaya tak. Na ce, "Baffa, duk wannan wahala ta mece ce? Ka je ka durƙusa ka ce ka yi kuskure, a wuce wurin." Ya ce ai baki ne ya ɓata, baki ba ya gyarawa. Ya fara kawo mini zancen noti, ni kuma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba ba noti ba ne. Mutum ne, tsufa yake yi, kai ma tsufa kake yi." Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya karɓi sifana daga hannuna a hankali, ya ce in yi sauri kada motocin Bakura su ƙare. Wata biyu ban taka gidan ba. Ranar da na koma bai ta da zancen ba, sai ya turo mini kwanon fura, ya ce in riƙe masa ƙarshen wata waya. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, har yau kuma ina jin kunyar yadda na faɗe ta.

Ranar da Tsohuwa ta tashi ina wurin. Ya zura hannun tayarwa ta gaba ya murɗa, ta yi tari, ya sake murɗawa, ta yi tari ta tofar da baƙin hayaƙi, sai ta kama. Kaji suka watse, maƙwabta suka cika gidan. Baffa ya saurari injin kamar mai sauraron numfashin jariri, ya kashe, ya shiga ɗaki. Da ya fito yana riƙe da farin gwado sabo, ya shimfiɗa a kujerar gaba ta gefen direba, ya rufe ƙofa.

Daga ranar babu wanda ya zauna a kujerar nan. Da damina, in hanyoyin ƙauye suka yanke, shi ake nema. Ya ɗauko masu naƙuda, ya ɗauko wanda maciji ya sara, amma kowa a baya. Ni da ya koya wa tuƙi, in ina kan sitiyari a bayana yake tsugunawa yana ba ni umarni. Wani mai sarauta ya taɓa neman ya kai shi ɗaurin aure Gidan Goga, ya zo da babbar riga ya kama ƙofar gaba. Baffa ya ce, "Ranka shi daɗe, wurin ga da mai shi." Haka mutumin ya hau baya tare da buhunan goro, bai sake gaishe da Baffa ba sai da aka shekara.

Bazarar farko bayan tashinta ruwa ya ja baya. Baffa ya wanke mota, ya sa rigar Juma'a, ya nufi Maradun. Na bi shi, don na ce ko gaba ce ta ƙare ina so a yi a idona. Baba yana zaune cikin zaure. Ya fito ya amsa sallama, ya sauko ta kan wani dutse da ya sa aka girke masa a bakin ƙofa saboda gwiwarsa. Aka yi gaisuwa doguwa, babu abin da aka bari. Sannan Baffa ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, tudu ya hito. Na zo in kai ka."

Baba ya dubi motar tun daga gaba har baya. Ya ce, "Motar da tak kawo turaku ba ta ɗaukata." Ya juya ya koma zaure.

Baffa ya zauna a inuwar motar har la'asar. Da za mu tafi na ga ya tsinci kara, ya duƙa a bakin ƙofa, ya gwada tsayin dutsen nan, ya karya karan daidai wurin ya sa a aljihu. A hanya ya ce mini, "Motar ga ta yi tsawo. Yaya ba shi son a ɗaga shi gaban mutane." Na ce a raina, wannan bawan Allah an ce masa ba a so, shi matakala yake tunani. Cikin makon ya kai ta wurin mai walda, aka yi mata matakala ta ƙarfe a ƙofar gaba, gefe ɗaya kawai, daidai tsayin karan. Direbobin tasha suka samu abin tsokana, suna tambayarsa yaushe za a kawo amaryar.

Shekara tara yana wannan zuwa. Ko ruwa ya ja baya ko bai ja ba, ƙarshen bazara sai ya wanke mota ya tafi. A gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi, Baba ya koma zaure, shi ya zauna har la'asar ya dawo gidan da babu mai tambayarsa yaya hanya. Na ji haushin Baba ƙwarai a shekarun nan. Na ji haushin Baffa ma. Mutum biyu masu furfura, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Ranar sadakar uku aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai hantsi. Malamai sun fara addu'a ke nan wata motar haya ta tsaya. Mutum biyu suka kama Baba suka sauko da shi. Goggo da ke leƙe daga zaure ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya zauna a kan tabarma, ya karɓi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, a matsayinsa na babba. Da aka shafa fatiha ya juyo wurina ya ce, "Kai ni in ga inda anka aje shi."

Maƙabartar tana bayan fadama, hanyar kuwa ta zama kunu. Mai motar hayar ya ce shi ba zai shiga ba. Babur ma ba zai wuce ba, balle tsoho mai dogara sanda. Sai tsohon direban nan ya yi gyaran murya ya ce, "Mota guda ta ka iya hanyar ga." Baba bai dube shi ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, har na fara tunanin yadda za mu ɗauke shi a kujera. Sai ya dogara sandarsa ya miƙe, ya shiga gidan ƙanensa a karo na farko.

Na murɗa, Tsohuwa ta tashi bugu ɗaya. Na buɗe ƙofar gaba, na miƙa hannu zan tallafe shi, ya ture hannuna. Ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan matakalar, ya ja ɗayar, sai ga shi zaune a kan farin gwado, ba wanda ya taɓa shi. Ya leƙo ya dubi matakalar.

"Dutsen ƙohwata na yag gwada," in ji shi.

Na ce, "Ashe ka sani, Baba?"

"Ina zaune cikin zaure sa'ad da yad duƙa da kara. Na gan shi." Ya shafa gwadon da tafin hannu. "Ban ce komi ba."

Na sa giya muka shiga laka. Ta yi ta gurnani tana jan ƙafa huɗu, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. A maƙabarta Baba ya tsaya a kan sabuwar ƙasa, ya yi addu'a mai tsawo. Da ya gama sai na ji ya kira Baffa da wani suna na ƙuruciya, wanda ban taɓa ji ba tunda nake, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Sau biyu ya kira, a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara.

Muna dawowa, mun kusa shiga gari, ya ce, "Yaushe ruwa ka ja baya?"

Na ce ƙarshen bazara.

"In Allah ya kai mu, ka zo ka ɗauke ni."

Na ce to. Shekara tara Baffa yana wanke mota don ya ji wannan magana, sai ga shi ni aka faɗa wa, ni da ban taɓa ɗaura noti ɗaya ya gamshe shi ba. Washegari mai tukwane ya sake zuwa, na ce masa ya nemi alminiyon a wani wuri, motar tana da tafiya a gabanta.

Allah ka jiƙan Baffa. Ka yafe masa shirun da ya yi a bakin rijiya, ka yafe wa Baba nasa shirun, ka haɗa su da mahaifinsu a inda ruwa ba ya raba kowa da kowa. Tsohuwa tana nan a rumfarta, duk Talata ina zuwa in tayar da ita don kada ta cije. Kujerar gaba ta sami mai ita. Ta direban ce nake jin nauyin zama a kai.